Hannun da Ya Cire Cliona Daga Layin Likita

Masu karatu, kafin wani ya sauka ƙasan rubutun nan ya ce min "ai uwa uwa ce," ina roƙonku ku karanta har ƙarshe. Bayan nan duk wanda ya ga dama ya zage ni, ƙofa a buɗe take.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, sunana Dervla Munnelly, shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a gidan kula da tsofaffi a garinmu, can ƙarshen lardin Mayo inda titi yake ƙarewa teku ya fara. 'Yata ɗaya ce, Cliona, shekararta shida. Wata goma sha shida ke nan muna jiran likitan ciki da hanji na yara a Dublin ya gan ta.

Yarinya ce da in ta ci loma uku sai ta dafe ciki ta duƙunƙune a kan kujera. Bayan gida sau shida, sau bakwai a wuni, wani lokacin har da jini. Siket ɗin makarantar da na saya mata bara, bana sai da na rage masa ƙugu har sau biyu. Likitarmu ta gari ta yi gwajin jini da na bayan gida, ta ce akwai kumburi a hanji, amma ba za a san ko mene ne ba sai an sa kyamara an duba, kuma yara sai a Dublin ake yi musu. Ta rubuta takarda, aka sa mu a layi. Sau uku ina kai ta asibitin lardi a guje, su ƙara mata ruwa, su shafa mata kai, su ce mu jira takardar Dublin.

Lokacin da aka sa mu a layin, ina zaune ne a gidan su Cathal Padden, uban Cliona, a saman shagon naman da suke da shi a Babban Titi. Shekara biyar da zoben baikonsa a hannuna, ana ɗaga ranar biki duk lokacin da uwarsa Bernadette ta ga dama. Cathal ba mugu ba ne, amma ko shayi zai sha sai ya kalli fuskar uwarsa. Ranar da na gaji, na ajiye masa zobensa a kan firij, na kwaso 'yata na dawo gidan mahaifiyata, wadda nake kira Mam.

Tun daga ranar Mam ba ta bar kunnena ya huta ba. Duk Lahadi in muka fito daga coci sai ta ce, "Kin ga yadda Cathal ya rame?" In Fintan ya zo gaishe ni kuwa, sai ta buɗe taga wai warin man inji ya cika mata falo. Fintan Lavelle shi ne mai gyaran injin jiragen kamun kifi a bakin ruwa, kuma shi ne wanda yake nemana yau wata bakwai. Ba shi da shago, ba shi da suna a gari. Amma shi ne wanda ya san cewa in za mu fita da Cliona sai ya fara lissafa wuraren da ke da banɗaki a hanya, ba tare da na roƙe shi ba.

To, ranar Litinin ɗin nan, lokacin hutun shayi na ƙarfe sha ɗaya, na fita bayan gidan tsofaffi inda ake ajiye kwandunan shara, na kira asibitin Dublin kamar yadda nake yi duk farkon wata. Minti ashirin da biyar ina jin kiɗan jira, iska tana kaɗa min rigar aiki. Can wata mata ta ɗauka, muryarta kamar wadda aka tasa daga barci.

Na ba ta suna da ranar haihuwa. Na ji tana danna na'ura.

"Cliona Padden ba ta cikin layi," in ji ta.

"Ki sake dubawa dai."

"Na duba. An cire ta tun watan Maris."

Na jingina da bango. "Wa ya cire ta?"

"Mukan aika wa iyaye takarda mu tambaya ko har yanzu suna buƙatar ganin likita. Taku ta dawo, an yi alama a kan ba a buƙata, an sa hannu."

"Ni ban ga wata takarda ba. Hannun wa aka sa?"

"D. Munnelly."

"Wane gida kuka aika?"

Ta karanto min adireshin saman shagon Padden. Na ce mata ai na kira tun bara na canza adireshi. Ta ce ita ba ta ga alamar hakan a gabanta ba.

"To ku mayar da ita inda take."

"Ba haka ake yi ba. Sai likitarku ta sake rubuto takarda, a fara lissafi daga ranar da ta iso mana."

"Wato wata goma sha shidan nan sun bi ruwa?"

"Ni dai abin da tsari ya ce nake gaya miki."

Masu karatu, na so in zage ta, amma na san ba ita ta kashe zomon ba. Na haɗiye, na roƙe ta ta turo min hoton takardar ta imel. Ta ce za ta yi ƙoƙari kafin a tashi aiki.

Nan take na rubuta wa Fintan: *An cire Cliona daga layi. Takardar gidan Padden ta je. An yi ƙaryar sa hannuna.*

Ko minti ɗaya ba a yi ba ya amsa: *Kina ina? Kar ki je wurin matar nan ke kaɗai.*

*Ƙarfe biyu nake tashi. Daga nan shagonsu zan wuce.*

*Dervla, ki jira hoton ya zo tukuna.*

Na mayar da wayar aljihu. Na san da na bi maganarsa da na rage wa kaina kunya, amma wanda ya taɓa wanke wandon ɗansa yana ganin jini a ruwan, shi kaɗai zai gane abin da ya hana ni jira.

Ƙarfe biyu da kwata na tura ƙofar shagon, ƙararrawar da ke samanta ta kaɗa. Ban ko canza kaya ba, shuɗiyar rigar aikina ce a jikina da takalmin roba, na ɗora rigar ruwa a kai. Mutum huɗu ne a layi, har da matar shugaban makarantar su Cliona. Bernadette tana bayan teburin sayar da nama, gashinta a gyare kamar mai zuwa biki, 'yan kunnen lu'ulu'u, jan baki, farar rigar aikinta ko ɗigon jini babu. Cathal yana can gefe yana saran haƙarƙarin rago.

"A'a, yau Dervla ce a shagonmu?" in ji ta. "Ki bi layi, 'yar nan. Ai kin ƙware a bin layi."

Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya.

"Misis Padden, ina takardar asibitin da aka aiko gidanki a watan Maris?"

Wuƙar Cathal ta tsaya. Ita kuwa ta ci gaba da naɗe naman da ke hannunta a takarda, ta ɗaure shi tsaf, ta miƙa wa mai shi, sannan ta dube ni.

"Takardu da yawa suna zuwa gidana. Da kin zauna a cikinsa da kin ga naki."

"Jikarki ce kika cire daga layi. Jikarki da ba ta iya gama kwanon miya."

"Jikata da kika rufe a gidan da ba shi da ko ɗumi, kika bar ta tana jiran gwamnati kamar marar uba?" Ta ajiye hannuwanta biyu a kan teburin. "Bari in gaya miki a gaban mutane, tunda a gabansu kika zaɓa. Cliona tana cikin inshorar lafiyar ubanta. Na kira asibitin kuɗi a Dublin, babban likitan yara zai gan ta ranar Alhamis ƙarfe goma. Abin da kika kasa a shekara da rabi, na yi shi da waya ɗaya."

Alhamis. Kwana uku kacal.

"Tun yaushe kike da wannan hanyar?"

"Tun ranar da kika ajiye mana zobe a kan firij kamar wadda ta bar ragowar abinci."

"Kika zuba ido yarinya tana ramewa?"

"Ke kika zuba ido. Ƙofata ba ta taɓa rufuwa ba. Ranar Alhamis Cathal zai ɗauke ku a motarsa, ku je a matsayin iyali, ku dawo a matsayin iyali, ɗakinki yana nan yadda kika bar shi. Ba zan kai jikata gaban babban likita da mai warin kifi a bayanta ba."

Na juya wurin Cathal. "Kai ba ka da baki? 'Yarka ce."

Ya goge hannu a rigarsa, bai kalle ni ba. "Mahaifiyata ta riga ta shirya komai, Derv. Ki zo kawai."

Na mayar da idona kan uwarsa. "Kin san sa hannun ƙarya laifi ne? In hoton takardar ya zo, ofishin 'yan sanda zan kai shi kafin in kai shi gida."

A nan ne ta yi murmushi, irin wanda ban taɓa gani a fuskarta ba.

"Ki kai, 'yar nan. Ni hannuna bai taɓa biro ba. Wa ke gaba? Me za a ba ki, Misis Ruane?"

Na fito daga shagon. Na ɗauko Cliona daga makaranta, malamarta ta ja ni gefe ta ce yau sau biyar ta nemi izinin fita, kuma ba ta taɓa abincinta ba. A mota ta kwantar da kai a jikin gilashi ta ce, "Mammy, in na warke zan iya cin soyayyen dankali?" Na ce mata har da kifi.

Muna shiga gida ƙamshin burodi ya tarbe mu. Mam tana kicin da rigar sanyinta mai ruwan toka, ta naɗe hannuwa, gari har gwiwar hannu, rediyo yana karanto sunayen waɗanda suka rasu a lardi. Ta sumbaci Cliona a ka, yarinyar ta haura sama ta kwanta.

"An ce kin je kin yi abin kunya a shagon Padden," in ji Mam, ba ta juyo ba. "Mutum uku ne suka kira ni."

"An gaya miki abin da ta yi?"

"An gaya min ta samo wa yarinya likita ranar Alhamis. In ni ce ke, da gwiwa biyu zan je in gode mata."

Na buɗe baki zan ba ta amsa, wayata ta yi ƙara. Imel ne daga asibiti. Na zauna a kujerar da ke bakin murhu na buɗe hoton, na ja shi da yatsu biyu ya girma.

Ba sai na duba sau biyu ba. Mutum ɗaya na sani a duniya da yake rubuta harafin M da ƙugiya a gaba kamar sandar tsoho, sannan ya ja layi a ƙarƙashin sunan. Da wannan rubutun aka sa hannu a duk takardun makarantata. Da shi ake rubuta min katin ranar haihuwa duk shekara.

Na tashi na ajiye wayar a kan teburin, cikin garin, a gabanta.

Ta kalla. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta kashe rediyo.

"Bernadette ce ta kawo min ita," ta ce. "A nan ta zauna, inda kika tashi yanzu."

"Kika sa sunana."

"Na sa."

"Mam, kin san abin da kika yi kuwa?"

"Na sani sarai. Kar ki tsaya min a kai kamar alƙali." Ta goge hannunta da tsumma, muryarta ko rawa babu. "Wa yake wanke zanen gadon yarinyar nan in kina aiki? Wa yake riƙe mata hannu a banɗaki tana kuka? Layin nan naku ba ya motsi, Dervla. Ko shekara uku za ku yi, ke a shirye kike ki jira, don dai kar a ce kin koma. Bernadette ta ce a mako guda za a gan ta. Na ce to bari in rufe wannan ƙofar, in kin ga ba wata sai ki bi wadda take a buɗe."

"Tun Maris. Yau muna Yuni. Wata uku kina kallona ina kiran waya, kina tambayata ko an dace."

"Na zaci tun a Afrilu za ki gane. Sai kika yi ta samun wadda ba ta duba da kyau."

"Da ta mutu a cikin wata ukun nan fa?"

"Kar ki yi min wannan bakin a gidana."

"Kin sayar da wurin jikarki don ki samu surukin da ke da shago."

Ta ɗaga hannu kamar za ta mare ni, sai ta sauke. "Don ki samu rufin asiri. Ubanki ya mutu ya bar ni da ke da gidan da ruwa ke zuba ta rufinsa. Na san abin da ake nufi da rainon ɗa ba miji. Shi wancan naki me zai ba ki? Ƙusa da man inji?"

"Bai taɓa yi min ƙarya ba. Ke fa?"

Ta ɗauki wuƙa ta tsaga kan burodi na biyu da ba a sa a wuta ba tukuna, ta tsaga shi har ya kusa rabewa biyu.

Masu karatu, zan gaya muku gaskiya ko da za ta rage min daraja a idonku. A tsaye a kicin ɗin nan na yi tunanin komawa. Na ce a raina, mene ne zobe? Ƙarfe ne. In sa shi ranar Alhamis, a duba min 'yata, in ya so daga baya a san yadda za a yi. Har na ɗauki wayar na buɗe sunan Cathal, na rubuta *Ƙarfe nawa za ka zo.* Yatsana yana kan wurin aikawa.

Sai na ji murya daga sama, siririya, ba kuka a cikinta, wanda hakan ya fi kukan tayar min da hankali.

"Mammy. Zo ki gani."

Na haura matakala bibbiyu. Tana zaune a banɗaki, ta riƙe gefen baho da hannu ɗaya, fuskarta fari fat, leɓenta ba launi. Abin da na gani a cikin ruwan ya fi duk na baya. Ba zan kwatanta muku shi ba.

"Kar ki gaya wa Nana," ta ce, haka take kiran Mam. "Za ta yi baƙin ciki."

Na goge saƙon Cathal. Wannan ba ciwon da zai jira Alhamis ba ne, balle ya jira sharaɗin kowa. Na kira Fintan, bugu ɗaya ya ɗauka.

"Ka zo da mota. Dublin za mu, sashen gaggawa na asibitin yara, inda likitocin suke. Ba zan tashi daga kujerarsu ba sai mai duba hanji ya sauko ya gan ta."

"Tafiyar awa huɗu ce. Za ta iya? Ko mu fara tsayawa a na lardi?"

"In ta ƙara galabaita a hanya mu tsaya. In ba haka ba, kar ka taka birki."

"Ga ni nan. Ki ɗauko bargo da ruwa."

Na wanke ta, na sa mata wandon barcinta mai taushi da rigar sanyi ja, na cusa kaya a jaka: kayan canji uku, sakamakon gwaje-gwajenta, cajar waya, ɗan zomonta na auduga. Minti goma sha biyu farar motar aikin Fintan ta tsaya a bakin ƙofa. Ko wanke hannu bai yi ba, amma ya shimfiɗa tsabtataccen tawul a kujerar tsakiya. Ya karɓi Cliona daga hannuna kamar mai ɗaukar ƙwai, ya ɗaura mata bel.

"Sarauniya, yau ke ce mai ba da umarni. Duk inda kika ce a tsaya, a tsaya."

Na shiga na rufe ƙofa. Ya tayar da injin.

Sai ga Mam ta fito. Ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci a kan kayan kicin, ta ɓalle maɓallan a karkace, jakarta a hannu, gari har yanzu a gashinta. Ta zo ta tsaya a jikin tagar da nake, ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin.

"Ku matsa min," ta ce. "Zan riƙe ta a hanya."

Na sauke gilashin kaɗan. "Ki koma ciki. Burodinki zai lalace."

"Dervla, jikata ce."

"A watan Maris ma jikarki ce."

Cliona ta ɗago kai daga cikin bargo. "Nana ba za ta zo ba?"

Fintan ya dube ni, hannunsa a kan giya, ya yi ƙasa da murya. "Akwai wuri in an matsa. Uwarki ce, Derv."

Na ɗaga gilashin har ya rufe. Hannun Mam yana nan a kai, bai motsa ba.

"Ja motar," na ce.